Phi Slama Jama: yadda Jami'ar Houston ta ci wasa 26 a jere, aka raba ta da kofi a daƙiƙar ƙarshe

Duk mai bin tarihin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, ko da a guntayen bidiyon YouTube ne, ya taɓa cin karo da hoton wani koci sanye da kwat yana zagaye fili da gudu, yana neman wanda zai runguma. Jim Valvano ke nan na Jami'ar North Carolina State (NC State), a daren Litinin 4 ga Afrilun 1983, bayan yaransa sun doke Jami'ar Houston da ci 54 da 52. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana ba da labarin wannan dare daga bakin waɗanda suka ci. Amma ƙungiyar da ta riƙe kakar 1982-83 a hannunta tun daga Disamba har zuwa wannan dare ita ce wadda aka kayar.

Houston ta buga wasa 34, ta ci 31. A gasar yankinta ta Southwest Conference wasa 16 ta buga, babu wanda ya iya da ita, har da Arkansas da ta bi gida ta doke. Ta shiga wasan ƙarshe tana ta ɗaya a jadawalin ƙasa, da nasara 26 a jere, kuma a cikin 'yan wasanta akwai mutum biyu da daga baya NBA, gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, ta saka a jerin gwarazanta 50 na tarihi: Clyde Drexler, da wani ɗan Legas mai shekara 20, Akeem Olajuwon, wanda sai a 1991 ya mayar da rubutun sunansa Hakeem. Ita kuwa NC State sau 10 aka doke ta a kakar. To yaya aka yi haka ta faru? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sa'a. Akwai sa'a a ciki, babu musu. Sai dai ni a ganina Houston ta shigo wasan da wata ɓaraka da kowa ya sani tun farkon kaka, yawan cin wasa ne ya hana ta zama abin damuwa, dokokin wancan zamani kuma suka ba Valvano hanyar zura hannu a cikinta.

Dokokin da aka yi wasan a kansu

A Amurka jami'a ce ke rainon 'yan ƙwallon kwando kafin su zama ƙwararru, a ƙarƙashin hukumar NCAA. Ɗan wasa kaka huɗu gare shi. A wancan lokaci ba a biyan shi albashi, sai gurbin karatu kyauta da abinci da makwanci. Manyan taurari kuma kan daɗe kafin su wuce NBA: Ralph Sampson ya yi shekara huɗu a Virginia, Patrick Ewing huɗu a Georgetown, Michael Jordan uku a North Carolina. Dukkansu suna fili a wannan kaka, don haka zama na ɗaya a 1983 ba ƙaramin aiki ba ne.

Bayan wasannin yanki, a watan Maris ake shiga gasar ƙasa. A 1983 ƙungiya 52 ce a ciki, kuma sili-ɗaya-ƙwale ake yi. A NBA sai a kara har sau bakwai kafin a san zakara, wanda ya fi ƙarfi kuma galibi shi ke fita. A nan minti 40 ne kacal, rabi biyu na minti 20, ka faɗi ka kama hanyar gida.

Dokoki uku ne suka fi taka rawa a labarin nan. Na farko, a gasar ƙasa babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa cikin ƙayyadadden lokaci. Idan ƙwallo na hannunka kana iya ta miƙa ta tsakanin 'yan wasanka har minti biyu, uku, babu mai ce maka uffan. Na biyu, babu jifan maki uku a gasar ƙasa, duk nisan da ka jefo maki biyu ne. Na uku shi ne wanda ya kamata mai karatu ya riƙe: idan ƙungiya ta yi ƙeta sau shida a rabin lokaci, duk ƙetar da ta ƙara sai a kai wanda aka yi wa layin jifan kyauta, amma sai ya ci jifan farko ake ba shi na biyu. Ya ɓarar da na farko, shi ke nan, ƙwallo ta zama ta wanda ya riga cafewa. Ma'ana, idan abokin karawarka ba gwanin jifan kyauta ba ne, ƙeta da gangan ta zama ciniki mai riba: ka tsayar da agogo, ka kuma yi tsammanin ƙwallo ta dawo hannunka ba tare da ya ci komai ba.

Yaran Guy Lewis

Guy V. Lewis ya riƙe Houston tun 1956. Shi ne ya kawo Elvin Hayes da Don Chaney a 1964, lokacin da yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu. Mutum ne mai ra'ayi ɗaya da bai taɓa saki ba: babu jifan da ya kai danƙara ƙwallo cikin kwando daga sama tabbas. NCAA ta haramta danƙarawar daga 1967 zuwa 1976, da aka ɗage haramcin kuwa Lewis ya mayar da ita darasi a atisaye. Da yawan koci-kocin zamaninsa suna mata kallon burga da wasan unguwa, 'yan jarida kuma suka riƙa cewa Lewis ba ya koyar da komai, ƙwallo kawai yake mirgina wa yara su yi yadda suka ga dama. Wannan magana ta bi shi har tsufansa, kuma ba ta yi masa adalci ba. Wanda ya kai ƙungiya zagayen huɗun ƙarshe sau biyar, a zamani biyu mabambanta, da taurari mabambanta, ba ɗan kallo ba ne a benci.

Abin burgewa a ƙungiyar 1983 shi ne yawancin jigoginta 'yan cikin garin Houston ne. Drexler, da Michael Young wanda shi ya fi kowa cin maki a kakar, da Larry Micheaux mai ƙirar ƙarfi, duk makarantun sakandaren birnin suka yi. Ga Benny Anders da ke tasowa daga benci, ga Alvin Franklin, ɗan shekarar farko da aka damƙa wa rabon ƙwallo. Salonsu a bayyane yake: a tsare a ƙwace ƙwallo, ko Olajuwon ya kaɗe ta, sai kowa ya zuba a guje, kafin abokan karawa su juyo an danƙara. A Janairun 1983, bayan sun yi wa Jami'ar Pacific kaca-kaca, wani marubucin jaridar Houston Post, Thomas Bonk, ya laƙaba musu Phi Slama Jama, yana kwaikwayon sunayen ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'in Amurka. Sunan ya bi su, har suka buga shi a rigunan ɗumama jiki.

Olajuwon ne baƙon cikinsu, kuma shi ne ya sauya lissafin. A Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, ɗan wasan ƙwallon hannu a Muslim Teachers College. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, kuma gasarsa ta farko a wani bikin wasannin makarantun horar da malamai ce da aka yi a Sakkwato, inda asali ƙwallon hannu ta kai shi. Ya sauka Houston a 1980, ya shafe shekarar farko bai buga wasan gasa ba, a ta biyu kuma daga benci yake shigowa, ga saurin tara ƙeta, ga saurin gajiya. A hutun bazarar 1982 ya riƙa zuwa Fonde, wani zauren wasa na unguwa a Houston inda ƙwararrun NBA ke motsa jiki, yana karawa da Moses Malone, wanda a shekarar aka zaɓa gwarzon NBA. Malone bai raga masa ba. Yaron da ya dawo makaranta bayan wannan bazara wani mutum ne daban: kusan maki 14 a kowane wasa, cafe ƙwallon da ta ɓaro daga kwando sau 11, kaɗe jifan abokan karawa sau biyar. Ƙafafun gola da ya taso da su su ne suka ba shi saurin juyi da ba a saba gani ba a wurin mai tsawon ƙafa bakwai.

Asarar biyu da suka yi kafin wasan ƙarshe duk a Disamba ne, ɗaya a hannun Syracuse, ɗaya a hannun Virginia a wani wasa da aka kai birnin Tokyo na Japan. Daga nan ba su sake faɗuwa ba har Afrilu.

Ɓarakar kuwa ga ta: a layin jifan kyauta, inda babu mai tsare ka, kashi 60 da ɗan ɗoriya cikin 100 kawai suke ci. Ga ƙungiyar da ke neman kofin ƙasa wannan adadi ya yi ƙasa ƙwarai. Amma wa zai damu? Ɗan kasuwar da ciniki ke yi wa ambaliya ba ya lura aljihunsa ya huje. Idan kana gaba da maki 20, jifa huɗu ko biyar da ka zubar ba a ma ƙirga su.

Asabar a Albuquerque

A gasar ƙasa sun fara da Maryland, wadda kocinta Lefty Driesell ya gwada jan wasa a hankali, aka tashi 60 da 50. Wannan maki kaɗai ya isa ishara cewa ana iya rage musu gudu. Suka wuce Memphis State, suka ragargaji Villanova da 89 da 71, suka isa zagayen huɗun ƙarshe a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, a zauren da ake kira The Pit. Birnin yana kan tudu, sama da mita 1,500 daga matakin teku, iska ba ta da kauri, wanda bai saba ba numfashi kan yi masa wuya. Wannan ma a riƙe shi.

Wasan kusa da na ƙarshe, ranar Asabar 2 ga Afrilu, da Louisville ta Denny Crum aka yi, ta biyu a jadawalin ƙasa, ita ma gwanar danƙarawa. Mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin wasan ƙarshe na gaskiya. Louisville ta shiga gaba da 57 da 49 a rabi na biyu, Micheaux ya cika ƙeta biyar ya fita. Tun kafin nan Lewis, cikin fushi, ya wurga tawul ɗinsa mai ɗigo-ɗigon ja cikin fili ana tsakiyar wasa, alƙali ya hukunta shi. Daga wannan 57 da 49 ne Houston ta ɓalle. Ta ci maki 21, Louisville ta ci 1. Drexler ya taso daga nesa da ƙwallo a hannu ɗaya, ya sauko da ita a iska, ya sake ɗagawa da hannu biyu ya danƙara. Anders ya ƙwace ƙwallo ya yi nasa. Aka tashi 94 da 81, Olajuwon da maki 21, ya cafe 22, ya kaɗe 8.

Wannan wasa ya ƙara wa sunansu girma, ya kuma ci musu ƙarfi. An yi shi a guje daga farko har ƙarshe, a kan tudu, saura kwana biyu wasan ƙarshe.

Litinin

NC State ba 'yan tsintuwa ba ne kamar yadda labarin yakan nuna. Asararsu 10 tana da dalili: Dereck Whittenburg, gwanin jifansu daga nesa, ya karye a ƙafa a Janairu, ya yi wasa 14 yana jinya. Da ya dawo suka ɗauki kofin yankin ACC, inda suka fitar da North Carolina ta Jordan, suka doke Virginia ta Sampson, sannan suka sake doke Virginiar a gasar ƙasa da 63 da 62. Manyansu uku, Whittenburg da Sidney Lowe da Thurl Bailey, 'yan shekarar ƙarshe ne da suka san juna ciki da waje. Kuma duk watan Maris dabara ɗaya ce ke ceto su: idan an bar su a baya saura 'yan mintuna, sai su yi ta ƙeta da gangan suna tura abokan karawa layin jifan kyauta. Da haka suka tsallake Pepperdine a wasan farko bayan ƙarin lokaci har sau biyu. Wato ƙungiyar da ta fi kowa iya cin amfanin raunin jifan kyauta ita ce Allah ya haɗa da ƙungiyar da ke da wannan rauni.

Valvano ya cunkushe 'yan wasansa a gindin kwando, ya hana Houston hanyar gudu. Ya bar musu jifa daga nesa, wanda ba nan ƙarfinsu yake ba. Bailey ya buɗe wasan da danƙarawa, ya ci maki 15 kafin hutu. Mafi muni ga Houston, Drexler ya tara ƙeta huɗu tun a rabin farko, ta huɗun a wani karo da Terry Gannon da har yau magoya bayan Houston ke cewa Gannon ne ya riƙe masa ƙafafu. A nan ina ganin laifin Lewis a fili yake: ɗan wasa irin Drexler yana da ƙeta uku kafin hutu, benci ya kamata ya koma. Aka tafi hutu NC State na gaba da 33 da 25.

Da aka dawo Houston ta nuna ko ita wace ce. Maki 17 ta ci, NC State 2, allo ya koma 42 da 35. A daidai nan ne Lewis ya yanke shawarar da ake ta muhawara a kanta har yau. Ya umarci yaransa su baje a fili, su rage gudu, su riƙe ƙwallo.

Masu suka suna cewa ya taka wa motarsa birki tana tsakiyar gudu. Amma a duba abin da ke gabansa. Olajuwon, wanda shi ke ɗauke da ƙungiyar a daren, ya galabaita har sai da ya zauna a benci aka sa masa abin shaƙar iska. Drexler ƙeta ɗaya ta rage masa. NC State ta ƙi fitowa daga gindin kwando, baje wasa kuma hanya ce sananniya ta jawo masu tsaro waje don a samu gurbin kutsawa. A kan takarda shawarar tana da ma'ana, kuma a zamanin da babu agogon jifa kusan kowane koci mai tazarar maki bakwai haka zai yi.

Matsalar ita ce wanda ya riƙe ƙwallo yana gaba ya gayyaci ƙeta, wanda ya gayyaci ƙeta kuma ya yarda a yanke hukuncin wasa a layin jifan kyauta. Lewis ya ɗauke wasan daga inda yaransa suka fi kowa a ƙasar, ya kai shi inda suka fi rauni. A daren jifan kyauta 19 suka samu, 10 suka ci, a wasan da aka rasa da maki biyu. A ɗaya ɓangaren kuma Lowe da Whittenburg da Gannon suka fara zuba ƙwallo daga nesa, jifan da a dokar yau da dama daga ciki maki uku-uku ne. Saura kamar minti biyu Whittenburg ya farke, 52 da 52.

Houston na riƙe da ƙwallo, tana iya cinye lokacin duka ta yi jifan ƙarshe. Valvano bai jira ba. Ya sa aka yi wa Alvin Franklin ƙeta da gangan saura minti ɗaya da daƙiƙa biyar, ana kunnen doki, abin da koci kaɗan ne za su yi ƙarfin halin yi. Ya zaɓi ɗan shekarar farko. Franklin ya ɓarar da jifan farko, NC State ta cafe.

Daƙiƙa 44 na ƙarshe, abin mamaki, Lewis ne ya fi Valvano dabara a cikinsu. NC State ta shirya wa tsaron mutum-da-mutum, sai Houston ta fito da tarko, mutum biyu suna rufe duk wanda ya karɓi ƙwallo. Shirin Valvano ya watse, yaransa suka riƙa jefa wa juna ƙwallo a firgice. Bailey, a maƙale a kusurwa, ya wurgo ta wajen Whittenburg can kusa da tsakiyar fili. Benny Anders ya yi tsalle ya taɓa ta da yatsu. Da ya riƙe ta, babu kowa tsakaninsa da ɗaya kwandon. Whittenburg ya tsince ta, ya juya ya wurga daga nisan kusan mita tara, jifan ya gaza kaiwa. Olajuwon ya ɗan matso gaba daga gindin kwando, bai yi tsalle ba. Lorenzo Charles, da ke tsaye a inda Olajuwon ya saba tsayawa, ya cafe ta a iska ya danƙara. Lokaci ya cika.

Ƙungiyar da aka san ta da danƙarawa sau ɗaya ta danƙara a duk wasan. Olajuwon ya tashi da maki 20 da cafewa 18, aka ba shi kyautar gwarzon zagayen ƙarshe duk da an doke su, kuma tun daga shi ba a sake ba wani daga ƙungiyar da ba ta ɗauki kofi ba. Drexler maki 4 ya ci.

Idan aka jera abubuwan, kowanne shi kaɗai bai isa ya kayar da Houston ba. Da akwai agogon jifa, da Lewis bai samu damar jan wasa ba ko da ya so. Da wasa bakwai ake yi, da wuya NC State ta ci huɗu. Da Drexler bai shiga matsalar ƙeta ba, da Olajuwon bai ɗauki kayan shi kaɗai har numfashinsa ya ƙare ba. Amma waɗannan duk abubuwa ne da suka zo daga waje ko suka faɗo a daren. Jifan kyauta shi ne abin da yake hannunsu tun Nuwamba, kuma da sun ci 13 cikin 19 maimakon 10, jifan Whittenburg ba zai zama komai ba.

NCAA ta kawo agogon daƙiƙa 45 a kakar 1985-86, jifan maki uku kuma a kakar da ta biyo. Ba wannan wasa kaɗai ya jawo hakan ba, an daɗe ana kukan wasannin riƙe ƙwallo da ke sa 'yan kallo hamma. Sai dai wasan da aka koma yi bayan sauyin ya fi kama da na Houston fiye da na waɗanda suka doke ta.

Drexler ya wuce NBA a 1983, Portland ta ɗauke shi. Olajuwon ya tsaya shekara ɗaya, ya sake kai Houston wasan ƙarshe a 1984, Georgetown ta Ewing ta doke su da 84 da 75. A shekarar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, Jordan ya zo na uku. Ya ɗauki kofin NBA a 1994, a kan New York Knicks ta Ewing, sannan a 1995 shi da Drexler suka ɗauka tare a riga ɗaya, a garin da suka fara. Lewis ya yi ritaya a 1986 da nasara 592, amma sai a 2013, yana da shekara 91, aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith. Jami'ar Houston kuwa ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 2025 a ƙarƙashin Kelvin Sampson, ta shiga gaba da maki 12 a rabi na biyu, Florida ta doke ta da 65 da 63.